Yadda Na Kai Kotun Coci Bakin Komadugu

Tun da na dawo daga Diffa ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a fadarmu ta bakin shagon Ilu tela sai wani ya ce, "Mushe, wai ya gabas?" In ce lafiya lau, a ce ba wannan ake tambaya ba. Wasu sun ji an ce na haddasa rigima, wasu sun ji an ce an naɗa ni sarauta, matata kuma ta ji an ce takalmina ya shiga Najeriya ba da takarda ba. Duka ukun akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Shi ya sa na ga gara in rubuta sau ɗaya, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa, in ci gaba da shan shayina.

Ga wanda bai san ni ba, malamin tarihi ne ni, shi ya sa ake ce mini Mushe, kamar yadda ake kiran malamin boko a nan. Na daɗe ina koyarwa a kolej a nan Damagaram har alli ya busar mini da yatsu, sannan na ajiye aiki. Ciwona ɗaya ne: in aka tambaye ni abin da ya faru a zamanin da, ban san wurin tsayawa ba.

Wata tsohuwar ɗalibata ce ta ja mini tafiyar, Madam Hannatu. Kirista ce, tana aiki da wani porje, wato shirin ƙungiyar agaji, na zaman lafiya a Diffa. Ta kira ni ta ce za su yi atelye, wato taron bita, a wani ƙauye na bakin kogi inda ƴan gari da ƴan gudun hijira ke zaune tare, kuma tana so in yi musu bayanin abin da ke faruwa idan malamin addini ya samu sandar sarki.

Na ce, "Hannatu, a Diffa za ki sa ni wannan zance? So kike a dawo da ni a buhu?"

Ta yi dariya ta ce, "A'a Mushe, ba na gida za ka taɓa ba. Tarihin coci za ka ba su, na Turai, na can da nisa. Namu ne, ni na yarda a tona shi, ba wanda zai ce an zagi nasa. Mai hankali zai gane sauran da kansa."

Dabarar ta burge ni. Na kwashi littattafaina, na je aka buga mini wasu tsofaffin zane-zane manya-manya don nuna wa jama'a, na shiga motar asuba.

Hanyar gabas doguwa ce, kuma kwaltar wani wuri akwai ta, wani wuri labarinta kawai ya rage. Maƙwabcina a kujera dillalin raƙuma ne, ya sayi rake a Gidimuni ya yi ta sha yana ajiye ɓawon a cikin hularsa don kada ya ɓata motar mutane, da muka kai Gure ya manta ya kifa ta a kai. Daga Gudumariya zuwa gaba shingayen jami'an tsaro suka fara yawa. A kowane shinge kowa ya sauko, a bi layi da katin ɗan ƙasa a hannu, a taka a wuce, mota ta biyo baya. Na saba da abin har na fara sauka tun kafin a tsaya.

Kusa da Maine Sorowa wani jandarma ya buɗe jakata ya warware zanen farko. Mutum ne ɗaure a jikin gungume, an tara masa itace, ga wasu masu dogayen riguna tsaye suna kallo. Ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "Baba, a wane ƙauye aka yi wannan? Me ya sa ba a kawo mana rahoto ba?"

Na ce a Turai ne, kuma an yi ɗaruruwan shekaru. Ya ce su wa suka yi? To, tambayar tarihi ce, ciwona ya tashi. Na fara masa tun daga zamanin Rumawa. Ina cikin bayani direba ya yi ta danna oda, wata tsohuwa ta leƙo ta taga ta ce in na ga dama in kama haya a nan. Jandarman ya naɗe zanen da kansa ya mayar mini a jaka, ya ce, "Tafi Baba, don Allah tafi." Ban taɓa ganin an sallami mutum daga shinge da roƙo ba sai ranar.

Mun shiga Diffa da la'asar sakaliya. Gari ne da in ka jefa dutse, ko dai ya faɗa kan buhun tattasai ko kan farar motar porje. Masaukan baƙi duk ma'aikatan porje sun cika su, don haka na sauka wurin ɗan baffana Alhaji Mamman, wanda ya daɗe da barin Damagaram yana fataucin tattasai. Ya ce ɗakin baƙi yana nan a shirye. Ashe rabin ɗakin sito ne, buhunan busasshen tattasai har rufi, katifata a tsakiya. Na yi atishawa har maƙwabta suka gaji da yi mini addu'a. Alhaji ya ce shi ba ya jin komai, wai hancina ne na ƴan boko.

Abinci kuwa ban da abin cewa. Burabusko da miyar bandar kifi, ga mai ya kwanta a kai. A gida in an ce miya ta yi ja, tumatir ake nufi, a can tattasai ne, kuma ba ya da yajin da kake tsoro, sai daɗi. Gaisuwarsu ce ta fi ƙarfina. Mu a Damagaram mukan ja gaisuwa, amma Barebari sun fi mu nisa. Mutum zai riƙe hannunka yana "wushe, wushe" a hankali, ya saki, ya taɓa ƙirji, ka ɗauka an gama, ka buɗe baki za ka faɗi abin da ya kawo ka, sai ya sake kamo hannun. Sannan turaren wuta: kowane gida ka shiga sai ka fito kana ƙamshi kamar ango.

Washegari Madam Hannatu ta zo da motar porje muka koma baya ta hanyar da na zo, muka wuce Gagamari, muka saki kwalta muka gangara wajen kogi. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, don mutanen kirki ne kuma sun ciyar da ni. Gidajen ƙasa na ƴan gari a gefe guda, rumfunan zana da tamfol na waɗanda suka gudo daga Najeriya a ɗaya gefen, masallaci ɗaya a tsakiya.

Da yake jama'a ba su gama taruwa ba, na ce bari in je in ga Komadugun nan da na shekara da shekaru ina zana wa yara a allo ban taɓa ganin ta ba. Na zaci wani babban abu. Ruwa ne ya ja baya, bai fi ka yi magana da na tsallake ba tare da ɗaga murya ba, amma iyakar ƙasa ke nan. Wani soja yana zaune a inuwa da bindiga a cinya. Na tuɓe takalma zan sabunta alwala, ƙafa ɗaya ta takalmin ta zame, ruwa ya ɗauke ta a hankali ya kai ta gaɓar can ya ajiye. Na naɗe wando zan bi, sojan ya ce, "Baba, ina za ka? Can Najeriya ne." Na ce takalmina ne. Ya ce shi ba a ba shi umurni kan takalmi ba, an dai ba shi kan mutane.

Muna cikin haka wani dattijo ya fito daga cikin gonar tattasai, dogo, siriri, da guntun farin gemu. Ya ɗauko doguwar gora mai ƙugiya, ya shiga ruwa zuwa gwiwa, ya miƙa ta ya janyo takalmin. Sojan ya ce wannan ya halatta, tunda ƙafafunsa suna Nijar.

Sunansa Ba Fannami. Masunci ne a da, a wani gari na bakin tafki a ɓangaren Najeriya, kuma Hausarsa ta kasuwar kifi ce, tana fita sarai. Ya zagaya da ni gonarsa, ƴar ƙarama, amma tattasan ya yi jawur, ya nuna, saura kaɗan a fara tsinka. Ya ce aro ce, Bulama mai garin ya ba shi. Ya ce tun da suka gudo shi da matarsa tsohuwa, sai bana ya ga abin da zai nuna ya ce nasa ne, da wannan zai yi ɗakin ƙasa su fita daga tamfol. Na ce ba zai zo atelye ba? Ya ce shi da taro sun yi sallama.

Da na koma rumfar taro ta cika. Nan na fara lura da wani abu da ban ba shi muhimmanci ba sai daga baya: mutanen nan ƙwararru ne a atelye. An yi musu na wanke hannu, na murhu mai cin itace kaɗan, na tazarar haihuwa, na kiwon awaki, na tari. Sun fi ni sanin tsarin. Kafin Madam ta buɗe baki wani ya ce a yi fatiha, wani ya ce a kashe wayoyi, wata ta tambaya ƙarfe nawa ne hutun shan ruwa. A gaba Bulama ne, mutum mai jiki da sanyin magana, kusa da shi Liman Goni Bukar, sai ƙanen Bulama, Kolo, wanda ke sanye da rigar porje ɗaya a kan wata, don shi ne shugaban komitin famfo, ma'ajin komitin murhu, kuma mataimaki a na awaki.

Na yi bayani, kuma ba yabon kai ba, ban taɓa yin darasi mai daɗin wannan ba. Na ce Kiristocin farko su ne ake farauta, sarakunan Rum suna kashe su don sun ƙi bauta wa abin da sarki ke bauta wa. Jama'a suka yi ta salati don tausayi. Na ce sai wata rana sarkin da kansa ya shiga addinin, manyan coci suka samu kujera a fada, ba a jima ba waɗanda aka kora jiya suka fara korar wasu, kuma ƴan'uwansu Kiristoci suka fi shan wuya. Na ba su labarin wata ƙasa mai sanyi inda aka ƙona mutane a kan ko da yatsa biyu za a yi alamar addu'a ko da uku. Nan rumfa ta kece da dariya, Liman har da share hawaye, yana cewa, "Kan yatsa, Mushe?"

Sannan na zo kan kotun coci ta Andalus, bayan mulki ya fita hannun Musulmi. Na ce an tilasta wa Musulmi da Yahudawa shiga coci, sannan aka kafa kotu ta bincika ko shigar ta kai zuci. Maƙwabci ke kai ƙarar maƙwabci: wane ba ya cin naman alade, wance ta sa wankakkun kaya ranar Juma'a, gidan su wane ba a ga hayaƙi ranar Asabar ba. Na ce abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yadda suka raba aikin. Malaman coci su ce su ba sa zubar da jini, tambaya kawai suke yi, sai su miƙa mutum ga hukuma. Hukuma kuma ta ce ita ba ta san aƙida ba, abin da malamai suka samu take zartarwa. Mutum ya ƙone ƙurmus, kowa hannunsa fes. Dukiyarsa kuma a ƙwace.

Kolo ya ɗaga hannu. "Mushe, dukiyar, wa ke riƙewa?"

Na ji daɗin tambayar, na ce ga mai bin darasi. Na yi masa bayani dalla-dalla.

A hutun shan ruwa aka kira Madam Hannatu daga ofis, wai manyan baƙi sun sauka Diffa ba zato. Ta ce in riƙe aikin rukuni, za ta dawo kafin la'asar. Ba ta dawo ba, don da yamma ake rufe hanyar. Ni kuwa ban san aikin rukuni ba, a zamanina malami ke magana yara su rubuta. Kolo ya ce kada in damu, sun iya. Suka rarrabu ƙarƙashin itatuwa da manyan takardu, ni na samu tabarma na ɗan runtsa.

Da na farka an gama. Kolo ya tsaya ya karanto sakamako da murya irin ta rediyo. Mahalarta sun gode wa porje. Mahalarta sun fahimci cewa garinsu ya yi baya, tunda Turawa sun daɗe da tsara wannan fanni su kuwa ba su da komai a kai. Saboda haka an kafa Komitin Binciken Aƙida. Liman ne shugaba, Bulama mai zartarwa, Kolo ma'aji, an sa mata biyu don porje ba ya karɓar komitin da babu mata, aikinsu lura da hayaƙin gidaje. Ni kuma an naɗa ni babban mashawarci. Aka yi tafi irin na atelye, sau uku a tare.

Na miƙe na ce, "Jama'a, ba haka ba ne. Gargaɗi na kawo muku. Cewa na yi kada a yi."

Kolo ya yi murmushi irin na wanda ya ga baƙo bai san gari ba. Ya ce, "Mushe, ka yi haƙuri. Mun yi atelye da yawa. Porje bai taɓa ɗauko mutum tun daga Damagaram, ya sa masa mai a mota, ya buga hotuna masu tsada, don ya koya mana abin da ba za mu yi ba. Da aka nuna mana wanke hannun Turawa, wankewa muka yi. Kuma kowane atelye da komite yake ƙarewa, in babu komite an ce ba mu gane ba, ba a sake dawowa."

Na ce an ƙona mutane fa. Bulama ya ce cikin natsuwa, "A'a, mu ba za mu ƙona kowa ba, ga tsadar itace. Za mu daidaita shi da yanayinmu."

Na juya wurin Liman, don na ga alamar mai hankali ne. Ya sunkuyar da kai ya ce shi ma abin bai kwanta masa sosai ba, amma tambaya kawai zai riƙa yi, tambaya kuwa ba laifi ba ce. Tun da yake limanci ba a taɓa sa shi a komite ba, ko na murhu, na ga kuma shugabancin ya ɗan yi masa daɗi.

Matsalar da ta taso ita ce komite ba ya zama ba aiki, sai an samu abin nuna wa Madam. Aka duba garin kaf. Ba mai cin alade, ba wanda ya taɓa ganin aladen ma. Matan hayaƙi suka zagaya suka dawo suka ce kowane gida da hayaƙi, sai gidajen da ba su da abin dafawa. Sai Kolo ya ce, kamar yanzu abin ya faɗo masa, "Af, Ba Fannami fa? Wa ya taɓa ganin sa a jam'i?"

Ba wanda ya taɓa. Ana ganin sa yana salla shi kaɗai a gona, amma ko Juma'a ba ya shiga masallaci. Aka tsayar za a saurare shi da safe. In ya kasa ba da hujja, Liman zai miƙa shi ga Bulama, Bulama kuma ya karɓi gonarsa, ma'aji ya riƙe. Sai a lokacin na tuna gonar da ke jikin ta Ba Fannami, wadda tattasanta ya ƙi, an ce mini ta Kolo ce.

Na kira Madam, wayar ta kama layin Najeriya ta yi mini barka da zuwa, ta cinye kuɗin, ta mutu. A zauren Bulama na sauka, aka kawo mini kaza guda da shayi mai kauri, ana ce mini mashawarci. Na ci, don yunwa ba ruwanta da tarihi, amma ban ji daɗinta ba. Na yi wa Bulama magana har bakina ya bushe. Ya ce shi bai san aƙida ba, gona kawai ya sani, in je wurin Liman. Na je wurin Liman, ya ce shi bai san gona ba, in koma wurin Bulama. Na tsaya a tsakanin gidajen biyu ina jin darasina yana dawo mini kalma da kalma, kuma ban taɓa samun ɗalibai masu riƙe karatu kamarsu ba.

Da hantsi aka zauna. An share rumfa, an jera kujerun roba, an ba wanda ake tuhuma kujera mai hannu da ruwan leda, don a atelye ba a barin mahalarci da ƙishi. Aka yi fatiha, aka kashe wayoyi. Madam Hannatu ta iso ana cikin haka, na tare ta na faɗa mata a gurguje. Ta fara dariya har ta dafa mota, sai ta hango Ba Fannami a kujera shi kaɗai a tsakiyar fili, dariyar ta tsaya. Ta ce a dakata, porje bai ce a yi wannan ba. Kolo ya ce da girmamawa, ai porje kullum yana cewa al'umma ta riƙe abin da hannunta, to ga shi ta riƙe.

Liman ya gyara murya. Ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi tsohuwa, ya tambayi gona, na ga dai so yake gaisuwar ta kai azahar. Daga ƙarshe ya ce, "Ba Fannami, jama'a ce ke son sani, ba ni ba. Me ya hana ka sallar jam'i?"

Dattijon ya ajiye ruwan ledar a ƙasa bai sha ba. Ya dubi Liman, ya dubi Bulama, ya dube ni. Da Hausa ya amsa, ina jin don ni da Madam mu ji.

Ya ce, "Goni, an taɓa yi mini irin wannan tambayar. A garinmu. Masu bindigar da suka ci garin su ma sun tara mu a fili haka, su ma da malaminsu a gefe da mai zartarwa a gefe. Malamin ya ce shi tambaya kawai yake yi. Sai dai su ba su ba mu kujera ba, wannan kun fi su."



Ya ce, "Kafin nan, a masallaci suka same mu, sallar asuba. Ina sahun gaba, ƴaƴana maza biyu suna sahun baya, wajen ƙofa. Tun daga ranar, in na tsaya a sahu na ba ƙofa baya, ba na sanin abin da liman ke karantawa, ƙofar nake saurare. Na gwada a nan sau da yawa, da farkon zuwanmu. Na ga sallar da kunne ke ƙofa ba salla ba ce. A gona ina ganin kowane gefe, sai in samu in yi ta da zuciya ɗaya. Hujjar ke nan. In ba ta isa ba, gonar Bulama ce, dama aro ce."

Rabin mutanen rumfar daga tsallaken kogin suka zo, kowa da irin asubar da ya baro. Wata daga cikin matan hayaƙi ta ja lafaya ta rufe fuska. Liman ya cire tabarau ya riƙe a hannu, sannan ya ce da Barbarci wani abu da Madam ta fassara mini: ya ce shekara nawa yana ganin mutumin nan a gona, bai taɓa takawa ya tambaye shi lafiya ba sai da aka ba shi kujerar shugaba. Ya nemi gafararsa a gaban kowa. Bulama ya ce gona tana nan a hannun Ba Fannami, bana da baɗi da bayan baɗi. Kolo ya duba ya ga iska ta juya, ya kawo shawarar a sa Ba Fannami a komitin, mataimakin shugaba. Aka yi tafi sau uku. Ba a rushe komitin ba, don ba wanda ya san yadda ake rushe komite, ba a taɓa yin atelye a kai ba.

Dattijon ya yi godiya, ya gaisa da kowa hannu da hannu, ya tafi. Ni kuwa na yi ajiyar zuciya, na ce Allah ya rufa asiri, abu ya ƙare lafiya. Aka ci shinkafa, aka ɗauki hoto, aka ba ni kwalin dabino.

Bayan azahar muka kama hanyar Diffa. Mun hau kwalta ke nan na hango mutum biyu a gefen hanya suna tafiya, namiji a gaba da tabarma da buta da ƙullin kaya a kai, tsohuwa a baya da tukunya. Na ce wa direba ya tsaya. Na sauko na ce, "Ba Fannami, ina zuwa haka? Ai an wanke ka. Tattasanka fa, saura kwana kaɗan."

Ya ce ya bar wa Bulama, ya tsinka ya raba wa masu tamfol. Ya ce mutanen kirki ne, bai riƙe kowa a zuci ba, Goni ma har gida ya biyo shi yana ba shi haƙuri. Amma yau an tambaye shi ya ba da amsar da ta sa su kuka, gobe wani za a tambaya wanda ba shi da labari mai sa kuka. Kujerun suna nan, komitin yana nan. Ya ce ya taɓa zama a garin da aka fara tambaya, ya tsaya ganin yadda za ta ƙare, ba zai sake tsayawa ba.

Madam ta ce su shigo mota a kai su Diffa, za ta nema musu wuri. Tsohuwar ta shiga ta zauna da tukunyarta a cinya. Shi ya tsaya da hannu a kan ƙofa, ya ce mini, "Mushe, ban zo karatunka ba, amma an ba ni labari. Turawan nan naka, daga baya sun daina?"

Na ce sun daina.

Ya ce, "Da kansu?"

Na ce da kansu, bayan sun gaji, sun raba kujerar malami da ta sarki.

Ya ce, "An daɗe kafin su gaji?"

Na so in yi masa ƙarya, amma tambayar tarihi ce. Na ce an yi ɗaruruwan shekaru.

Ya jinjina kai, ya miƙa wa direba tabarmarsa a sa a baya. Ya ce, "To ka gani. Ni na tsufa, ba zan iya jira ba."